Kukar da Inna ta ƙullo mini ta ƙare jiya

Ɗan Funtuwa, Leeds:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A yi mini afuwa, na san an buɗe wurin nan ne don maganar biza da gidan haya da neman aiki, amma yau abin da ke cina daban ne. Jiya da daddare na zazzage ƙarshen kukar da Inna ta ƙullo mini a watan Satumba. Sau uku ina kakkaɓe ledar a tukunya, sannan na tsaya riƙe da ita a tsakiyar kicin kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Ni ɗin nan da in na shigo gida na ji ƙamshin daddawa sai in ce "yau ma?", in zame in tafi teburin mai shayi a soya mini indomi da ƙwai.

Shekarata talatin da huɗu ban taɓa tsayawa na ga yadda ake kaɗa miya ba. Na tashi Inna na yi, na yi aure maiɗakina ta karɓa. Da a 2023 na samu gurbin nan da tare za mu taho da ita da yaran, to tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu irin namu na shekara ɗaya zuwa da iyali. Ga ni ni kaɗai a ɗaki, kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, in na shigo na yi sallama ba mai amsawa.

Abin kunyar ma bai ƙare ba. Akwai wata mage a gidanmu mai ja da fari, ko suna ba ta da shi, "'yar Inna" kawai ake ce mata. Takalmin da na jefe ta da shi ba ya ƙirguwa. Ranar Juma'a muna waya ta bidiyo sai na hango ta ta gifta ta bayan turmi, ban san lokacin da na ce "Inna, ɗan juya wayar in ga magen nan" ba. Inna ta yi shiru, ta ce, "Lafiyarka ƙalau kuwa?"

Ku da kuka riga mu fitowa, haka ake yi? Me kuka raina a gida wanda sai da kuka ƙetare kuka san darajarsa?

Maman Ilham, Bradford:
Wa alaikumus salam ƙanina. Haka ake yi, kuma sanyin farko shi ya fi dukan mutum. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Bari in fara da cikinka. Ka shiga shagunan 'yan Pakistan, garin da aka rubuta bajra a jikinsa gero ne, juwar kuma dawa ce. Ba su da laushin namu na inji sabon niƙa, amma suna tuwo. Garin shinkafa ma yana nan, ko ka sayi shinkafar da suke yin fate mai zaƙi da ita, guntayen nan, ka dafa ta luguf ka tuƙe. Kuka ana samu a shagunan 'yan Afirka, sai dai ka duba launi, in ta koma ruwan ƙasa ta tsufa. Kada ka yarda ka sayi farin garin da ake sayarwa a shagunan kayan gina jiki da sunan kuka, wannan garin 'ya'yan ne, wanda muke kwaɓawa da ruwa muna yara. Wani ɗalibi ya taɓa yin miya da shi, har yau ana ba da labari. Daddawa kuma ka ce iru, sunan da Yarbawa ke kiranta, tana cikin firij ɗinsu.

Lahadi ka hau jirgin ƙasa, tsakaninmu bai fi minti ashirin ba. Baban Ilham zai tare ka a tasha. Tuwon dawa zan yi.

Bakanon Gombak, Maleshiya:
Hajiya, mu da ke nesa sai mu haɗiye yawu ke nan. Ni a nan da belacan nake maye daddawa, wani curin ƙananan jatan lande ne da aka tsima. Duk wanda ya ce daddawa na wari a kawo masa wannan ya nemi gafararta. Shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare, kuma komai da madarar kwakwa da sukari. Na saba, har nasi lemak, shinkafarsu ta madarar kwakwa, nake nema da kaina.

Abin da ban saba da rashinsa ba majalisarmu ce ta ƙofar gida a Gwammaja. Bayan isha a shimfiɗa tabarma, kowa ya fito da kwanonsa, a yi ta musun ƙwallo da siyasa har sha biyu. A da gani nake ɓata lokaci ne, har na taɓa yi musu wa'azi a kai. Yanzu awa bakwai muke gaban gida, lokacin da suke zama ni ina tsakiyar barci, in na tashi da asuba sai in tarar da saƙonnin murya arba'in, ana ta dariyar abin da ban san farkonsa ba.

Bazazzagi, Glasgow:
Allah sarki Bakano. Ka faɗi gaskiya, ba hira kake kewa ba, kwanon maƙwabta kake kewa. Ku da ake cewa ko a majalisa sai kun ƙirga loma.

Bakanon Gombak:
Zage-zagi bayin Kanawa, an ba ku fasfo har kun fara magana. Ka bari in gama da baƙin cikina.

Abu Sumayya, Gusau:
Ni dai ina zauren nan ne saboda ina neman hanyar fita, kuma wallahi karanta wannan ya ɓata mini rai. Kuna zaune inda wuta ba ta ɗaukewa, famfo na zuba, kuna kwana ba ku sa kunne ku ji ko babura sun shigo gari, amma kukanku kuka ta ƙare. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wane ne a cikinku ya je ya auno gero da kansa? Tuwon da kuke wa waƙa akwai gidajen da sau ɗaya ake ɗora shi a yini, wasu ma ba kullum ba. Wanda kewa ta ishe shi ya dawo, ya ba ni ɗakin. Zan ci burodi shekara goma ban yi ƙorafi ba.

Maman Ilham:
Malam Abu Sumayya, ba wanda ya ce ya fi ku wahala. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ko'ina. Amma don wani na ciwon kai ba a hana mai ciwon haƙori cewa wash.

Anti Nas, Dublin:
A'a Maman Ilham, ki bar shi ya faɗa, ni ma ina da tawa. Shekarata shida ina aikin jinya, tsayuwar awa goma sha biyu, galibi da dare. Kewar gida ina yi, amma zan faɗi abin da mutane ke jin nauyin faɗa: wani zumuncin da muke kuka a kansa ya koma lissafi. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida, kafin a gama "ya sanyi" na san inda za a sauka. Kuɗin makaranta, kuɗin asibiti, gudummawar biki, jari. Tun da naira ta faɗi, kowa da kalkuleta a hannu yana juya albashina, ba mai juya kuɗin hayata. Akwai 'yar uwata uwa ɗaya uba ɗaya da rabon da ta kira ni don ta ji lafiyata kawai, na manta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa roƙona ko sisi ba, ƙawata tun firamare, tana koyarwa a Azare. Takan aiko mini hoton masar da ta saya da safe ta ce "na ci taki". Ita nake kewa fiye da rabin dangina, Allah ya yafe mini.

Abu Sumayya:
To Anti, in ba ke aka kira ba wa za a kira? Lokacin da za ki tafi ba hannu aka haɗa ba? Na san gidan da aka sayar da gona aka tura yaro waje, yau in an kira shi sai ya ce yana aiki.

Anti Nas:
Da kuɗina na tafi, kuma ban taɓa hana kowa ba. Cewa na yi a riƙa tambayata ko na ci abinci kafin a karanto mini lambar asusu.

Abu Sumayya:
Wannan kam kina da gaskiya. Na karɓa.

Hajiya Balaraba, Jidda:
Ni maza nake so in yi wa tambaya, musamman Ɗan Funtuwa da ya buɗe maganar. Kuna ta cewa tuwo, tuwo. Ko kun san hannu nawa yake bi kafin ya iso gabanku a malmale? A surfa, a bushe, a wanke a rege, a shanya, a kai niƙa, a tankaɗe, a hura wuta da ɗanyen ice ido na hawaye, a yi talge, a tuƙa da muciya har kafaɗa ta amsa, a kwashe da mara. Kukar da ta ƙare maka, wata ce ta sa aka ɗebo ganyen, ta shanya a inuwa don kada ya dafe, ta daka, ta tankaɗe da rariyar laushi. Daddawa kwana nawa ake yi tun daga dafa kalwa har ta nuna? Sai ku zauna ku ci, ku wanke hannu a kwanon, abin da za a ji daga bakinku shi ne gishiri ya yi yawa.

Na girma a gidan da ake ɗora tukunyar mutum ashirin da wani abu, ni ce babbar mace. Ba na kewar wannan murhun ko kaɗan, kada ma a yi mini ƙarya. A nan ina da gas, ina da komai, Hausawa kuma cike suke a Jidda da Makka, ba abin da ba a samu, har fura. Amma in na gama girkin na zuba mana mu biyu da maigidan, sai in ji abincin bai da daɗi. Na saba da hannu shida a akushi ɗaya, ana ture wa ƙarami nama, Goggo na cewa a ci a hankali ba gudu ake ba.

Ka ce ka tsaya riƙe da leda. Ka kira ta ka ce mata an gode?

Ɗan Funtuwa:
Hajiya, kin ɗaure ni da jijiyata. Ban kira ba. Mu a gidanmu ba a saba irin wannan maganar ba, ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa. Ban san ta inda zan fara ba.

Ɗan Maraɗi, Faransa:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu ma nan haka abin yake. Ni hura ce matsalata. A Maraɗi in rana ta take, ludayi da ƙwarya ne abincinmu, tuwo sai dare. A Paris in ka tahi kasuwar Château Rouge kana samun hatsi, kuma mutanen Mali da Senegal na yin wani abu da gero da nono mai kama da tamu, amma sun cika mishi sukari, ba citta ba kanunfari ba barkono. Ina sha ina ba cikina haƙuri.

Zancen mussa da ka yi bai ban dariya ba, don ni akuya nike tambaya. Jar akuya irin tamu ta Maraɗi, tsohuwata ta ba ni tun tana 'yar ƙarama, ta haihu ta sake haihuwa, da kuɗin ɗiyanta na biya rabin kuɗin jirgi. Kuma kowace shekara ni ke kiwon ragon layyarmu, balami, in ba shi dussa da harawa, in wanke shi, ya riƙa bina har bakin titi. A nan doka ta hana yanka in ba a mayankar da hukuma ta yarda da ita ba. Ka biya, a miƙo maka nama cikin leda, ba ka ga idon ragon ba. Shekara ukku ke nan sai dai in aika a yanka a gida, a turo mini hoto ana suya.

Abban Zara, Kanada:
Tunda an shigo maganar dabbobi, ina da matsala a gidana, ko akwai malami a kusa. 'Yata mai shekara tara a nan aka haife ta, duk 'yan ajinsu suna da kare, ta tasa ni gaba da kuka. Na ce mu ba ma ajiye kare a ɗaki, ta ce to me ya sa a hoton gidan kakanta a Ningi akwai karnuka uku. Na rasa amsa. Na farauta ne, ƙanen babana maharbi ne, kuma na tuna yadda yake ji da su, ba ya cin abinci sai ya zuba musu.

Malam Ɗalibi, Alƙahira:
Ni ɗalibi ne ba mufti ba, amma ga abin da muka karanta. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne. Ajiye shi kuma an yi izini don farauta da tsaron dabbobi da gona, wanda ya ajiye ba don haka ba hadisi ya ce ana rage masa lada kullum. Ka ga karnukan Ningi suna da hujjarsu, ka bayyana mata haka, yara na gane magana in an yi musu ita da dalili. Kuma kada mu koya musu ƙin dabba: an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, an azabtar da mace saboda ta kulle kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Mu da muka tashi muna jifan kowace baƙar mage muna cewa mayya ce, mu ne ke da gyara.

Ka samo mata kyanwa. A nan Alƙahira har cikin masallatai suke kwana, a ɗakinmu akwai wadda ke zama a kan littafi in ana muraja'a. Batun miya kuma, mulukiyar Misirawa lalo ce tsaf, karkade kuma zoɓo. Mu nan da sauƙi.

Maman Ilham:
Abban Zara, in za ka ɗauko mage ka shirya aljihunka. Ban san dokarku ba, amma a Ingila tun Yunin 2024 dole ne a sa wa kowace mage wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanan mai ita, in ba haka ba tara har fam 500. Ga allurai, ga abincin gwangwani, ba ƙashin kifi da ragowar tuwo ba ne irin na gida.

Da muka zo ina yi wa maƙwabciyata dariya, wata tsohuwar Baturiya da ke hira da karenta kamar mutum, har riga take sa masa. Daga baya na fahimci 'ya'yanta biyu sai Kirsimeti suke leƙo ta. Ranar da karen ya mutu na kai mata abinci, ta riƙe hannuna ta yi kuka sosai. Na dawo gida na kasa barci, ina tunanin mu da muke tsufa a nan, yaranmu kuma tarbiyyar nan suke sha.

Ummu Hani, Kano:
Ni tawa a juye take, ina gida amma kewar waje nake. Ina aji huɗu a Khartum yaƙi ya tashi ranar 15 ga Afrilun 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi. Da aka zo kwashe mu a motoci zuwa iyakar Masar, jaka ɗaya aka ce kowa ya ɗauka. Mun yi kwanaki a bakin iyaka kafin a bar mu mu shiga, daga Aswan aka ɗauko mu a jirgi.

Muna da kyanwa a gidan da muke haya, kadisa suke ce mata da Larabcinsu, sai muka mayar da shi sunanta. Da safen da za mu tafi na juye mata duk abin da ya rage a firij, na cika roba da ruwa, na bar taga a buɗe. Ta biyo mu har bakin ƙofa. Akwai kuma tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, asalin kakanninta Hausawa ne da suka tsaya a hanyar Makka, Hausarta irin ta da, takan ce mana "ɗiyana". Ita ke aiko mana kisra, wata siririyar gurasarsu ta dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, in azumi ya zo ta haɗo da hilu-mur, abin shansu na buɗa-baki. Da yamma mu je mu sayi agashe, wanda tsirenmu ne Hausawan can suka kai, har sunan bai canja ba. Shekara huɗu ina mitar zafi da ƙura ina ƙirga ranar komawa Kano. Lambar tsohuwar nan ta daina shiga tun watan Yunin shekarar. Ɗan Funtuwa, kana cikin Leeds ɗin ma ka riƙa kallon waɗanda ke kusa da kai.

Anti Nas:
Innalillahi. Allah ya sa tana raye, ya kawo wa Sudan sauƙi.

Baba Alhaji, Bronx:
'Ya'yana, na karanta duka, jikata ce ke rubuta mini don idona ya yi rauni. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, na shigo New York a 1994, na yi tuƙin tasi shekara ashirin da biyu. Zancen abinci ku kwantar da hankalinku. Da muka zo ba komai, yau a Bronx ina cin waake da tuwon zafi da koko da ƙosai kamar ina zango. Kilishi ne kawai har yau ba a yarda a shigo da shi ba, nama ko wane iri ne karɓewa ake a filin jirgi. An taɓa karɓe mini ƙulli guda da ƙanwata ta yi mini tsaraba, ina kallo aka jefa a kwandon shara. Abinci yana biyo mutane, in kun yi yawa zai zo.

Abin da ba ya biyo ka shi ne tsofaffinka. A zamaninmu ba wannan wayar ta bidiyo. Kati muke saya mu kira gidan wani mai tarho, a aika yaro ya kira tsohuwa, kafin ta iso kuɗin ya ƙare. Sai muka koma kaset: ta zauna ta yi magana a rikoda, a ba matafiyi ya kawo, ni ma in cika nawa in aika. Shekara bakwai ban je gida ba saboda takarduna ba su fito ba, kullum ina cewa baɗi. Ranar wata Talata ina cikin mota da fasinja aka kira ni. Kun san al'adarmu, wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi. Ko da ina da takarda ba zan same ta ba. Na sauke fasinjan, na ajiye mota a gefen titi, na rasa wanda zan yi wa kuka. 'Yan zango na nan suka taru a masallaci aka yi addu'a, Allah ya saka musu, amma ban ɗauki makararta ba.

Kaset ɗinta uku suna nan. A ɗaya tana ba ni labarin tunkiyarta ta haifi tagwaye, tana faɗa mini kada in sha ruwan sanyi. Abin da na ɗauka surutu ne a lokacin. Yaro na Funtuwa, ka ce ba ku saba ba. Mu ma ba mu saba ba. Ba sai ka yi dogon jawabi ba, ka tambaye ta yadda ake kaɗa miyar, ka bar ta ta yi ta bayani, za ta gane. Kuma saƙonnin muryarta kada ka goge don waya ta cika.

Abu Sumayya:
Allah ya jiƙanta Baba, ya sa aljanna ce makoma. Na yi zafi ɗazu, a yafe ni. Har yanzu ina son fita, ban fasa ba. Amma tsohuwata na ɗaki na kusa da nawa, bari in je in gaishe ta.

Bazazzagi:
Amin. Baba ya sa zaure ya yi tsit, har Bakano ya daina maganar kwano.

Ɗan Funtuwa:
Na dawo. Na bi shawarar Baba, na kira bayan isha ta can. Na ce Inna kukar ta ƙare, kuma duk wadda na kaɗa sai ta yi gudaji. Ta ce a tafasasshen ruwa nake zubawa gaba ɗaya ko? Na ce e. Ta ce haba, sai ka rage wuta, kana barbaɗawa kaɗan-kaɗan da hannu ɗaya kana burgawa da ɗayan, kuma daddawar a fara sa ta tun farko ta dahu da albasa. Ta tambaya ina da maburgi, na ce da cokali mai yatsu nake yi. Ta yi dariya har da tari, ta kira maiɗakina ta zo ta ji. Minti arba'in muna magana, rabon da mu yi haka tun ina sakandare. A ƙarshe na daure na ce an gode da wahalar da aka sha da mu. Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ce, "To, Allah ya yi albarka. A riƙa rufe ƙirji."

Mage kuma ta haihu, huɗu. A ɗakina na zaure, cikin kwalin da na adana babbar rigata ta aure. Inna ta ce ba mai taɓa su sai sun buɗe ido.

Maman Ilham, ina nan tafe Lahadi in sha Allahu.

Bakanon Gombak:
Ta rama jifan takalmi ke nan.

Anti Nas:
Ranar ashirin ga wata zan sauka Kano, in dawo bayan sati uku ta Manchester. Ina da wurin kilo biyar. Kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji. Ban da kilishi, ban da dambun nama, ban da man shanu, kada wanda ya roƙe ni. Ɗan Funtuwa, ka ce a kai saƙonka Kano kafin biyar ga watan da zan dawo, a haɗo da maburgi da muciya.

Ɗan Funtuwa:
Allah ya saka da alheri Anti. Muciya za ta shiga akwati kuwa?

Hajiya Balaraba:
A ce wa Inna ƙarama, ta tukunyar mutum ɗaya.